Masu biyan dala don su ƙirga kyarkeci a ƙasar Zulu

Ƙarfe huɗu na asuba a watan Yuni, lokacin da sanyin Afirka ta Kudu ke kan ganiyarsa, wata a-kori-kura marar rufi takan fito daga wani ƙaramin sansani a gandun dajin Hluhluwe-iMfolozi, da mutum huɗu ko biyar a bayanta sun ƙudundune cikin barguna. Idan motar ta hau kan tudu sai direba ya kashe inji. Ɗaya daga cikinsu ya miƙe tsaye, ya ɗaga wata eriya irin ta tsohuwar talabijin sama da kansa, ya kara wani ɗan akwatin rediyo a kunne, ya riƙa juyawa a hankali har ya zagaya gabas da yamma, kudu da arewa. Da fari ba abin da ke fitowa sai shuuu. Can sai a ji wani ɗan sauti, ƙit, ƙit, ƙit, kamar ɗigar ruwa a kwano. Inda sautin ya fi ƙarfi, can dabbar take. A rubuta saitin a takarda, a matsa zuwa wani tudun, a sake ɗagawa. Inda layukan biyu suka haɗu, nan za a dosa.

Waɗannan mutane ba ma'aikatan gandun ba ne. Wata malamar asibiti ce daga Jamus, wani ɗalibi ne daga Ingila, wani kuma dattijo ne ɗan fansho daga Amurka. Ba a biyan su ko sisi, su ne ma ke biya. 'Yan sa-kai ake ce musu, ko da yake a wajenmu idan aka ambaci ɗan sa-kai, abin da ke faɗowa a rai shi ne mai bindigar harba-ka-ruga yana gadin ƙauye. Waɗannan makaminsu eriya ne da biro da madubin hangen nesa. Dabbar da suka bar gadonsu da tsakar dare dominta kuwa, Bahaushe ya san sunanta sarai, ganinta ne bai taɓa yi ba: kyarkeci.

Dabbar da sunanta ya fi ta tsawon rai

Yau idan yaro ya ji kalmar kyarkeci, hoton da yake gani shi ne na dabbar nan mai furfurar gashi ta ƙasashen ƙanƙara, wadda ake nunawa a finafinan Turai. Kyarkecin da kakanninmu suka raɗa wa suna daban ne. Karen daji ne na Afirka, mai dogayen ƙafafu da faffaɗan kunnuwa zagayayyu, jikinsa dabbare-dabbare da baƙi da fari da ruwan ƙasa, bakin wutsiyarsa fari. Babu biyu da zanen jikinsu ya zo ɗaya, abin da ya sa masu bincike ke iya gane kowanne da hoto. A da ya watsu a yawancin dazuzzukan kudu da Sahara. Yau ƙiyasin ƙungiyar IUCN, mai riƙe da kundin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, bai wuce 6,600 ba a faɗin nahiyar, kuma masu haihuwa a cikinsu kimanin 1,400 ne kacal. A Najeriya an daɗe rabon da a tabbatar da ganinsa.

Zamansu na da ban mamaki. A kowane garke, namiji ɗaya da mace ɗaya ne galibi ke haihuwa, sauran duk 'yan raino ne. Macen takan haifi 'ya'ya goma ko fiye a cikin rami, sau da yawa tsohon ramin dabgi, ta zauna da su yayin da saura suka tafi farauta. Idan sun dawo sai su amayo musu naman da suka haɗiya. Idan 'ya'yan suka tasa har suna bin garke, su ake bari su fara ci kafin manya, saɓanin zaki da sai ya ƙoshi. Wanda ya ji rauni ba a yar da shi, ana ciyar da shi. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda aka yi a Botsuwana, ya gano cewa kafin su tashi farauta sukan taru su yi ta atishawa, kuma yawan atishawar ne ke yanke shawarar tafiya. Idan shugabannin garke ne suka tada maganar, atishawa uku ta wadatar. Idan talaka ne, sai an kai wajen goma. Ashe abin ba a majalisun mutane kawai yake ba.

To me ya cinye su? Shekaru da dama Turawan mulkin mallaka da makiyaya sun ɗauke su a matsayin annoba, har jami'an gandun daji da kansu suna harbe su. Daga baya gonaki suka ci dajin, ga shi garke ɗaya na buƙatar ɗaruruwan murabba'in kilomita. Ga ciwon haukan kare da wasu cututtukan da suke ɗauka daga karnukan gida, waɗanda ke iya share garke guda cikin makonni. A filayen Serengeti na Tanzaniya, inda aka fi nazarin su, an neme su an rasa a 1991. Ga motoci a kan titi. Sannan ga tarkon waya, wanda shi ne babban dalilin da ya sa ake fita da asuba.

Mai ɗana tarkon ba kyarkeci yake nema ba. Nama yake so na miya ko na sayarwa, sai ya samo wayar shinge ko ta birkin keke, ya yi mata zarge, ya rataya a hanyar da barewa ko mugun dawa ke bi. Yakan jera goma ko ashirin a wuri ɗaya. Kyarkeci kuwa da gudu yake farauta, a garke, saboda haka yakan afka cikin layin tarkon gaba ɗaya. Wayar ta kama wuya ko ƙafa, dabbar ta yi ta fizga, tana fizga tana shigewa cikin nama. Idan an gan shi a ranar, likitan dabbobi zai zo ya harba masa allurar barci, a datse wayar, a wanke miki, ya tashi. Idan aka yi kwana uku ba a gan shi ba, gawa za a tarar. Duk hikimar aikin sa ido ke nan: a ga kowace dabba kullum, a ƙirga, a lura da mai ɗingishi. Garken da jiya yake goma sha biyu, yau aka ga goma sha ɗaya, ba za a koma sansani a sha shayi ba.

Abin wuyan da ake ɗaura wa ɗaya ko biyu a cikin garken shi ke aiko da sautin nan da eriya ke kamawa, kowanne da zangonsa, kamar tashoshin rediyo. Saurin bugun sautin yakan canza idan dabbar na tafiya ko tana kwance, kuma idan ta yi sa'o'i ba ta motsa ba sai ya koma wani salo na daban, wanda babu mai son ji. Wasu ma ana liƙa musu faranti na ƙarfe mai 'yan ƙusoshi, don idan waya ta zarge wuyan ta maƙale a ƙarfen, kada ta yanka maƙogwaro.

Me ya sa sai an biya?

Hluhluwe-iMfolozi, wanda ake furta farkon sunansa kusan kamar Shulushuluwe, yana lardin KwaZulu-Natal, tafiyar kimanin awa uku a mota arewa da Durban. Faɗinsa hekta 96,000 ne, an keɓe shi tun 1895, yana cikin mafi daɗewa a Afirka, kuma kafin nan dajin farautar Sarki Shaka na Zulu ne. A nan ne farar karkanda ta kudu ta tsira lokacin da ba ta kai ɗari ba a duniya, kuma daga nan aka riƙa kwasarta a shekarun 1960 ana rarrabawa wasu gandaye, a shirin da Ian Player ya jagoranta. Shi kansa Player bai ɓoye ba cewa dajin a hannun wani Bazule, Magqubu Ntombela, ya koye shi. Kyarkeci kuwa an ƙarar da shi a yankin, sai a 1980 da 1981 aka dawo da shi.

Hukumar lardin mai kula da gandun, Ezemvelo KZN Wildlife, tana da masu gadi, amma yawancin ƙarfinta ya tafi ga yaƙi da ɓarayin ƙahon karkanda. Ba ta da sukunin ware mota da mai da mutum su bi karnukan daji safe da yamma. Wannan giɓi ne ƙungiyar Wildlife ACT, da aka kafa a 2008, ta shigo ta cike. Tsarinta mai sauƙi ne: tana ba gandun aikin sa ido kyauta, kuɗin kuma ya fito daga aljihun baƙi. Kowane sansani mutane kaɗan yake ɗauka a lokaci guda, a ƙarƙashin ƙwararren jami'i ɗaya, kuma mafi ƙarancin zama mako biyu ne. Kuɗin makon biyun ya haura dala dubu, ban da tikitin jirgi. Ban da Hluhluwe-iMfolozi, ƙungiyar ta yi irin wannan aiki a uMkhuze da Tembe da Manyoni da Somkhanda.

A faɗi gaskiya, jami'in nan da ya shekara biyar yana bin garke ɗaya zai iya yin aikin ba tare da baƙon ba. Ɗaga eriya da cike takarda ba su buƙatar digiri, yaron ƙauyen da ke bakin shinge zai koya cikin kwana biyu, watakila ma ya fi baƙon ido. Abin da baƙon ya kawo wanda babu shi a wurin shi ne kuɗin man fetur, da na taya, da na abin wuyan rediyo, da albashin jami'in. Wannan ba abin kunya ba ne, matuƙar an faɗe shi ƙarara. An ga nauyinsa a 2020, da annobar korona ta sa aka rufe iyakoki: baƙi suka daina zuwa, ayyukan kare namun daji da ke dogaro da su a faɗin nahiyar suka shiga halin ni-'yasu, masu ɗana tarko kuwa ba su tafi hutu ba.

Wanda ya biya yana tsammanin yawon buɗe ido zai sha mamaki. Ɗaki na haɗaka ne, girki kowa da ranarsa, wutar lantarki da intanet sai yadda hali ya yi. Ana iya yin awa shida a bayan mota ana bin sauti, a ƙarshe a hangi kunne biyu a cikin ciyawa na minti ɗaya. Da rana, lokacin da dabbobi suka kwanta, aikin kwamfuta ne: a shigar da lambobi, a zazzage katin kyamarorin da aka ɗaure a bishiyoyi, a yi ta duba hotuna dubu waɗanda yawancinsu ciyawa ce iska ta kaɗa, don a tsinci damisa ɗaya ko baƙar karkanda ɗaya. Ita karkanda ana gane ta ne da 'yan tsage-tsagen da aka yi mata a kunne, kowace da lambarta. Da la'asar a sake fita.

Waɗannan lambobi masu gundura su ake ɗora manyan shawarwari a kai. In ban da gandun Kruger, yawancin gandayen Afirka ta Kudu ƙanana ne kuma a killace da waya. A ɗabi'ar kyarkeci, samari maza ko 'yan mata sukan ware daga garke su tafi neman abokan aure a nesa. Shinge ya tare su. Ko dai su zauna su auri dangi jini ya lalace, ko su haƙa ƙarƙashin waya su faɗa wa awakin mutane, a sa musu guba. Saboda haka tun 1998 ake tafiyar da ƙananan gandayen kamar daji ɗaya: a ɗauko maza daga nan, mata daga can, a haɗa su a wani killataccen wuri har su saba, wani lokaci ma a goga jikin wannan da na wancan suna cikin barci don warinsu ya gauraya, sannan a sake su. Ba a iya wannan dalilin aure sai an san wane ne ɗan wane, kuma takardun da ake cikewa a bayan mota ne ke faɗa. Ta haka aka kai kyarkeci 14 daga KwaZulu-Natal zuwa gandun Gorongosa na Mozambik a 2018, inda yaƙin basasa ya share su. Yanzu sun haura ɗari a can.

Akwai dokar da ake gaya wa kowane baƙo tun ranar farko: ya kashe alamar wuri a wayarsa kafin ya ɗauki hoton karkanda, kuma kada ya rubuta inda ya gan ta a Facebook ko Instagram. Ƙahon karkanda sinadarinsa ɗaya da farcen mutum, amma a Biyetnam da Sin ana sayensa da tsadar gaske. A 2007 karkanda 13 aka kashe a Afirka ta Kudu. A 2014 adadin ya kai 1,215. A 2023 an kashe 499, kuma 307 daga ciki a Hluhluwe-iMfolozi kaɗai, gandun da ya ceci dabbar tun farko. Dole ta sa a Afrilun 2024 aka fara yanke wa karkandojin gandun ƙaho da zarto, don ɓarawo ya rasa abin ɗauka. Kisan ya ragu zuwa 198 a shekarar, wato dai tsugune ba ta ƙare ba. Mu da ke wannan ɓangaren mun riga mun san ƙarshen irin wannan labari: baƙar karkanda ta yamma, wadda ta rage a arewacin Kamaru, an neme ta a 2006 ba a samu ko ɗaya ba, aka ayyana ƙarewarta a 2011.

Ungulu da kan zabo

Inda dala ke gudana, 'yan damfara ba sa nisa. A ƙasar ta Afirka ta Kudu akwai gonaki sama da 300 da ke kiwon zakuna kusan 8,000 a keji, fiye da ninki biyu na waɗanda ke yawo a dajin ƙasar. Da yawansu sun shekara suna tallata kansu a matsayin gidajen marayun zaki. Matashiya ta tara kuɗinta a Turai, ta zo ta yi wata guda tana ba ɗan zaki madara a kwalba, tana kwana da shi, an ce mata uwarsa ce ta ƙi shi kuma za a mayar da shi daji. Gaskiyar ita ce an raba shi da uwar ne yana ɗan kwanaki, don ta sake ɗaukar ciki da wuri. Idan ya yi girman da ba a iya rungumarsa, sai a koma amfani da shi wajen tattaki da 'yan yawon buɗe ido. Idan ya yi geza, a sayar wa mai kuɗi ya harbe shi a cikin shinge, ƙasusuwan kuma a tura kasuwannin Asiya. Zakin da ya tashi a hannun mutum ba ya komawa daji. Fim ɗin Blood Lions na 2015 ya tona wannan asiri, kuma a 2021 ministar muhalli Barbara Creecy ta sanar da aniyar gwamnati ta kawo ƙarshen sana'ar, ko da yake rufe gonakin ya zama tafiyar hawainiya.

Ni a ganina ma'aunin bai da wuya. Duk wurin da ya yi maka alkawarin za ka taɓa dabbar daji, ka shayar da ita, ka yi hoto kana rungume da ita, kasuwa yake ci da kai. A aikin sa ido na gaskiya kana cikin mota, dabbar na can nesa, kuma burin kowa shi ne ta manta kana wurin. Mai shirin tafiya ya tambaya wace hukuma ce ke karɓar bayanan da ake tarawa, ya tambaya nawa ne daga kuɗinsa ke isa daji, nawa dillalin intanet ke riƙewa. Wanda ya fara kame-kame a kan waɗannan, ya riga ya ba ka amsa.

Sai kuma abin da ƙasidun talla ba su cika faɗa ba. A bakin shingen nan akwai ƙauyukan Zulu masu fama da rashin aikin yi, waɗanda aka tashi kakannin wasunsu daga ƙasar da ta zama gandu. Su ne kyarkeci ke cinye wa awaki idan ya ɓalle, kuma da yawa daga yaransu ba su taɓa shiga gandun ba. Ƙungiyoyin kirki sun gane haka, suna kai 'yan makaranta sansanin daji, suna ɗaukar matasan yankin aiki. Duk da haka, idan ka dubi bayan motar nan ta asuba, da wuya ka ga baƙar fata in ba direba ba. Ga ɗan Kano ko ɗan Maraɗi, dala dubu da tikiti da biza da katin rigakafin shawara ba ƙaramin tsauni ba ne.

Amma aikin kansa, ƙirga da rubutawa, ba a ƙasar Zulu kaɗai yake ba. A Kure, kusa da Yamai, raƙuman dawan Afirka ta Yamma sun ragu zuwa 49 a 1996. Jagororin yankin da masu bincike suka riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya, suna gane kowanne da zanen jikinsa kamar yadda ake yi wa kyarkeci, har suka haura 600. Harin 9 ga Agusta, 2020, wanda ya hallaka Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a wurin, ya tsinke zuwan baƙi, nauyin ya koma kan 'yan gida. A Najeriya, cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana tafiyar da shirin taswirar tsuntsayen ƙasar, inda 'yan sa-kai, ciki har da matasan Arewa, ke zagaya unguwanni da fadamu suna rubuta abin da suka gani a wayar hannu. Ba a biyan kuɗin shiga.

Kuma akwai abin ƙirgawa. Duk wanda ya haura shekara arba'in ya tuna yadda ungulu ke cika rufin mahauta da bakin kasuwa, har ana korarta da dutse. Tun 2015 IUCN ta sa ta a sahun da ke dab da ƙarewa, saboda guba da kuma cinikin kanta da ƙafafunta a wajen masu magani. Mai karatu, in ka bi ta mahautar garinku wannan makon, ɗaga kai ka ƙirga nawa ka gani, ka rubuta da kwanan wata. Ko ba ka ga ko ɗaya ba, rubuta sifirin, masu taswirar tsuntsaye suna buƙatarsa.